Rarraba Fina-finai Bisa Shekaru a Nijeriya: Yadda Tsarin Yake, Inda Ya Tsaya da Hanyoyin Gyara Shi

Duk fim ɗin da ya bi ta hannun Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NFVCB, yana fitowa da wata alama, harafi ko lamba, mai nuna shekarun da ya kamata mai kallo ya kai. A ƙa'ida, wannan alama ita ce amsar da gwamnati ta tanadar wa uwa ko uba mai son sanin ko fim ya dace da ɗansa. Amma a Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, fim kan isa ga yaro ta shagon masu tura fina-finai, ko ta YouTube, ko ta wayar yayansa, kuma babu mai tsaron ƙofa a ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi. Wannan bayani ya duba asalin tsarin, da muhawarar da ake yi a kansa, da gyare-gyaren da za su iya sa shi ya yi aiki a inda ake kallon fim a zahiri.

Tacewa daban, rarrabawa daban

A Hausa kalmar "tacewa" ce ta haɗiye aikin duka, alhali ayyuka biyu ne. Tacewa ita ce hukuma ta yanke wani ɓangare na fim, ko ta hana shi fita baki ɗaya. Rarrabawa kuwa ita ce a bar fim yadda yake, a sanya shi cikin rukunin shekarun da ya dace da su, a kuma sanar da mai kallo abin da ke ciki. A ta farko hukuma ce ke yanke hukunci a madadin kowa. A ta biyu hukuma na ba da bayani, iyaye da masu nuna fim su yanke hukunci.

Abin da dokar tarayya ta tanada

An kafa NFVCB da Dokar Soja mai lamba 85 ta 1993, lokacin da fina-finan kaset suka fara mamaye kasuwa. Dokar ta ba ta ikon tantance fina-finai na gida da na waje, da ba da lasisi ga masu rarraba su da wuraren nuna su. Rukunan da take amfani da su su ne:

G: kowa zai iya kallo.
PG: yara su kalla da jagorancin iyaye.
12: ga wanda ya kai shekara 12.
12A: wanda bai kai 12 ba sai tare da babba.
15: ga wanda ya kai shekara 15.
18: na manya kaɗai.
RE: an taƙaita wuraren da za a nuna shi.

A watan Janairun 2024 aka naɗa Dakta Shaibu Husseini shugaban hukumar, kuma ya sha bayyana cewa burinsa shi ne hukumar ta karkata daga tacewa zuwa rarrabawa. A shekarar ce kuma aka fito da ƙa'idar hana tallatawa da ƙawata tsafin neman kuɗi, da kisan tsafi, da shan taba a fina-finai da bidiyon waƙoƙi da gajerun barkwanci, ƙarƙashin ma'aikatar da Hannatu Musa Musawa, 'yar asalin Jihar Katsina, take jagoranta.

Sai dai tarayya ba ita kaɗai ke da iko a nan ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya batun tace fina-finai cikin jerin al'amuran da tarayya da jihohi suke tarayya a kansu, ya kuma bar wa majalisar kowace jiha damar kafa tata hukumar. Ta wannan ƙofa ce Kano da Legas suka kafa nasu. Gidajen talabijin kuma suna ƙarƙashin wata hukumar dabam, wato NBC, wadda aka kafa a 1992.

Kano, inda aka fi jin muryar tacewa

Tun daga *Turmin Danya* na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, Kano ce cibiyar fim ɗin Hausa, don haka hukuncin da aka yanke a can yana shafar abin da ake kallo a Dutsin-Ma. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci da dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000.

Tarihin hukumar ya fi shahara da lasisi da dakatarwa da gurfanarwa. A zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya karɓi ragama a 2007, an ɗaure Adam A. Zango kan kundin bidiyon waƙoƙinsa *Bahaushiya*. A Disambar 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama bisa tuhumar da ta haɗa da sakin fim ɗinsa *Tsintsiya* ba da amincewar hukumar ba, kafin babbar kotu ta soke hukuncin a 2009. A 2021, zamanin Isma'il Na'abba Afakallah, hukumar ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A watan Mayun 2025 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da *Labarina* da *Daɗin Kowa*, bisa dalilin cewa ba a kawo su tantancewa ba kafin a sake su.

A duk waɗannan matakai tambaya ɗaya ake amsawa: a bar fim ya fita, ko a hana? Tambayar "wa ya dace ya kalla?" ba kasafai take tasowa ba.

Yadda fim ke isa Dutsin-Ma da Kurfi

An gina tsarin rukunan shekaru ne a kan siffar gidan silima: akwai ƙofa, akwai tikiti, akwai mai duba mai shiga. Irin waɗannan gidaje a yau suna manyan birane ne. A Dutsin-Ma, garin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibi mai data yana kallon *Labarina* ko *Izzar So* kai tsaye a YouTube. Wanda ba shi da data sai ya kai wayarsa ko memori wurin masu tura fina-finai, a cika masa da na Hausa da na Indiya masu fassara a kan kuɗi kaɗan. Daga nan fim ya ci gaba da tafiya daga waya zuwa waya, hanyar da ba ta bukatar sabis ko kaɗan. Ko lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar a Satumbar 2021, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, matakin bai taɓa wannan hanya ba.

Waya guda a gida kuwa ta kowa ce. Uwa na kallo, yara na kewaye da ita. Ta tashi zuwa madafa, wayar ta koma hannun ɗan shekara takwas. Idan ma alamar ta bayyana a farkon fim, harafin Turanci ne da ke wucewa cikin daƙiƙu, kuma "PG" ba ya gaya wa mafi yawan iyaye komai.

Inda ake saɓani

Masu goyon bayan tsaurara tacewa suna da hujja mai nauyi. A ganinsu, abin da addini ya haramta bai halatta ga babba ba don ya cika shekara 18, saboda haka lambar 18 na iya zama rigar da za a sa wa batsa a shigo da ita kasuwa. Suna ƙara da cewa tunda babu mai iya hana yaro ganin abin da ya riga ya shiga waya, rigakafi ya fi magani.

Masu neman rarrabawa na amsawa da cewa rukunin shekaru ba ya halatta abin da doka ta hana. Aikinsa yana kan al'amuran da ba haramun ba ne a yi magana a kansu, amma sun yi wa yaro nauyi: kisa, fyaɗe, sihiri, shaye-shaye, rikicin kishiyoyi da ke kaiwa ga guba.

Batun garkuwa da mutane ya fi fito da wannan saɓani fili. Dutsin-Ma da Kurfi na cikin yankunan da suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Babban mutum a nan yana da haƙƙin ganin fim mai tona yadda masu kai rahoto ke aiki, da yadda biyan kuɗin fansa ke talauta iyali. Yaron da aka taɓa tashe shi da ƙarar bindiga cikin dare kuwa, fim ɗin nan na iya fama masa ciwon da bai warke ba. Haramtawa baki ɗaya ta tauye babban. Sakin fim ba tare da gargaɗi ba ya cutar da yaron. Rarrabawa ce kaɗai ke ƙoƙarin kula da su biyun.

Akwai kuma saɓani kan lambobin kansu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, alhali al'ada ta fi auna girma da balaga da aure. Yara da yawa ma ba su da takardar haihuwa, don haka duk tsarin da ya dogara da duba takarda a bakin ƙofa zai yi wuyar aiki.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Hukumar Birtaniya, wadda aka kafa a 1912, ta cire kalmar tacewa daga sunanta a tsakiyar shekarun 1980 ta maye gurbinta da rarrabawa, kuma a yau Netflix na amfani da alamominta a ƙasar. A Amurka masana'antar ce da kanta ta kafa tsarin a 1968, sannan ta ƙara rukunin PG-13 a 1984 bayan koken iyaye kan fina-finan da suka fi ƙarfin ƙananan yara. Indiya, wadda fina-finanta suka daɗe a gidajen Hausawa, ta gyara dokarta a 2023 ta raba rukunin jagorancin iyaye gida uku: shekara 7, da 13, da 16.

Tsarin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne na Holan, mai suna Kijkwijzer, wanda aka fara a 2001. Masu fim ne ke cike jerin tambayoyi kan abin da fim ya ƙunsa, amsoshin su fitar da rukuni, wata cibiya kuma ta sa ido ta karɓi ƙorafi. Kusa da lambar shekaru akwai zane mai nuna dalili: dunƙulallen hannu na nufin tashin hankali, gizo-gizo na nufin ban tsoro. Ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Sai dai zanen ma yana bukatar a zaɓe shi a gida, domin yaron da ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai ɗauki hoton gizo-gizo alamar abin dariya.

Hanyoyin gyara

Na farko, alamar ta yi magana da Hausa. Murya ta daƙiƙa goma a farkon fim, mai cewa wannan shiri na manya ne saboda akwai kisa a ciki, za ta isa kunnen uwar da ke aiki a tsakar gida fiye da kowane harafi.

Na biyu, alamar ta zauna a jikin hoton, a kusurwar allo, daga farko har ƙarshe. Ta haka ba za ta ɓace ba idan an yanke fim gunduwa-gunduwa an ɗora a TikTok, ko an tura shi ta memori.

Na uku, a rage rukunan da ake nuna wa jama'a. Bambancin 12 da 12A yana da ma'ana a ƙofar silima, amma ba shi da ita a tsakar gida. Rukuni uku masu launi, na kowa da na matasa da na manya, sun fi sauƙin riƙewa.

Na huɗu, fim mai fitowa kowane mako ba zai iya jiran kwamiti kowane mako ba. Ana iya ba masu shirya fim masu rajista damar auna aikinsu da ma'aunin da hukuma ta wallafa, hukumar ta riƙa bincike, ta kuma hukunta wanda ya yi ƙarya.

Na biyar, hukumomin tarayya da na jihohi su amince da ma'auni ɗaya na shekaru, su riƙa wallafa dalilin kowane hukunci, a kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙara mai sauri. Hukumar da gwamna ke naɗa shugabanta, idan ba ta bayyana dalilanta ba, za a ci gaba da zarginta da siyasa ko da ta yi daidai.

Na shida, a jawo masu tura fina-finai a jiki. Su ne masu tsaron ƙofa na gaskiya a Dutsin-Ma da Kurfi, kuma galibi sun san yaran unguwarsu da iyayensu. Ware fina-finan yara a jaka dabam cikin kwamfuta ba ya cin ko sisi, kuma ƙungiyoyinsu na iya mayar da shi ƙa'ida.

Mafi yawan waɗannan gyare-gyare ba sa bukatar taɓa kundin tsarin mulki. Wasu na bukatar ƙa'ida daga NFVCB, wasu yarjejeniya tsakanin hukumomi da ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN, wasu kuma doka daga majalisar jiha. Mai zaɓe a Dutsin-Ma ko Kurfi yana da wakili a Majalisar Dokokin Jihar Katsina da kuma Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma kundin tsarin mulki ya ba majalisun biyu ikon yin doka a kan wannan batu. Abin da ya rage shi ne a tambaye su matsayinsu.