Kukuri: Yadda ake gane wuƙar dajin Nepal ta gaske

Kukuri wuƙa ce mai lanƙwasa zuwa gaba, wadda asalinta ƙasar Nepal ne. Duniya ta san ta a hannun sojojin Gurka, waɗanda Birtaniya ta fara ɗauka aiki a 1815, lokacin yaƙinta da Nepal na 1814 zuwa 1816. A gida kuwa kayan aikin manomi ce: da ita ake saran itace, a share gona, a yanka dabba, a fere gora. Tsawonta yakan kai santimita 40 zuwa 45.

Sirrinta yana cikin lanƙwasar. Nauyin ƙarfen ya taru ne kusa da baki, don haka tana sara kamar ƙaramin gatari, yayin da siririn ɓangaren da ke kusa da mariƙi ya dace da sassaƙa. Wanda zai kwana a daji yana samun adda da wuƙa a kube guda.

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne ƙarfe. Maƙeran Nepal sun fi son sifirin tsofaffin manyan motoci, kamar yadda maƙeranmu ke tsintar irinsa a wurin 'yan gwangwan. Bayan ƙira sai a gasa wuƙar ta yi ja, a tsiyaya ruwa daga buta a kan kaifin kaɗai. Bakin ya yi tauri ke nan, gadon baya kuma ya zauna da ɗan laushi, ya shanye ƙarfin sara ba tare da karyewa ba. A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Idan taurin ya wuce kima bakin zai ɓantare a kan busasshen itace. Idan ya gaza, zai dakushe ko ya lanƙwashe tun ba a je ko'ina ba. Kukurin da ake jerawa a shagunan Kathmandu domin 'yan yawon buɗe ido sau da yawa ado ce kawai, mai sheƙi da zane, amma ba ta jure aiki.

Sai mariƙi, na katako ko ƙahon ɓauna. A ƙirar gargajiya siririyar wutsiyar ƙarfen ce ke shiga cikinsa, a liƙe da ƙaron itace. Akwai kuma ƙirar panawal, inda ƙarfen ya bi faɗin mariƙin duka aka ɗaure da ƙusoshi. Ta biyun ta fi ƙarko, ta farkon ta fi sauƙi a hannu. Mariƙin da ke motsi ko kaɗan haɗari ne.

A bayan kube akwai ƙananan ƙarafa biyu: karda, 'yar wuƙar ƙananan ayyuka, da cakmak, marar kaifi, na gyara baki da kuma ƙyasta wuta. Zancen wai ba a mayar da kukuri kube sai ta sha jini almara ce.

Masu ƙirar fa? Galibinsu 'yan rukunin Kami ne, waɗanda tsarin aji na Hindu ya sanya cikin Dalit, mutanen da ake ƙyamar taɓawa. Dokar Nepal ta 1963 ta soke wannan wariya a rubuce, wata ta 2011 kuma ta tanadi hukunci ga mai aikata ta, amma a ƙauyuka da dama har yau akan hana maƙerin shiga ɗakin girkin mutumin da ke rataye da wuƙarsa. Kukuri na nan a tambarin rundunonin Gurka, ana sayar da ita da tsada a Turai da Amurka, kuma ba kasafai mai saye ke jin sunan wanda ya ƙera ta ba.