Ko Za A Iya Dawo Da Dabbobin Da Suka Ƙare?

Ga abin da tarihi ya nuna. A 1996 masana a Sikotland suka samar da tunkiya Dolly daga ƙwayar jikin wata tunkiya, babu barbarar rago. A 2003 aka gwada dabarar a Sifen kan wata akuyar dutse da irinta ya ƙare a 2000. An haifi 'yar, amma ta mutu cikin mintoci saboda matsalar huhu. Wannan ma ya yiwu ne don an adana ƙwayoyin akuyar tun tana raye. Giwar ƙanƙara mai gashi kuwa ta ɓace kimanin shekara 4,000 da suka wuce, ƙwayoyinta duk sun lalace, balle na dinaso mai shekara miliyan 66. Don haka mu kula da giwayen Yankari tun suna numfashi. Rigakafi ya fi magani.