"In kin haihu zai bari": tarihin wata magana da ciwon mara na mata

Akwai maganar da mata da yawa suka ji daga bakin inna ko gwaggo ranar da ciwon mara ya kwantar da su lokacin al'ada: "Yi haƙuri ɗiyata, in kin yi aure kin haihu zai bari." Wasu kam ya bari. Wasu kuwa sun yi auren, ciwon bai tafi ba, cikin ma bai zo ba. Ba a tsakar gidajenmu kaɗai aka yi wannan magana ba. Manyan likitocin Amurka ma sun daɗe suna faɗin ta kafin ilimi ya ture ta.

Ciwon da muke nufi shi ne wanda likitoci ke kira andometiriyoz. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke zubowa kowane wata, ita ce jinin al'ada. Ga mai wannan ciwo, nama mai kama da shimfiɗar yana tsirowa a waje: a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa, wani lokaci har kan hanji ko mafitsara. In wata ya zagayo shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuwa ba shi da hanyar fita. Daga nan sai tabo, kayan ciki su manne da juna. Shi ke kawo azabar al'ada, zafi wajen kwanciyar aure, da jinkirin samun ciki.

A 1860 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl von Rokitansky, ya hango irin wannan nama da madubin ƙara girma a inda ba mazauninsa ba. Bayan shekara sittin, John Sampson, likitan mata a garin Albany na Amurka, ya yi bayani a 1921 kan wasu ƙulli a ma'ajiyar ƙwai cike da tsohon jini mai duhu kamar cakulan. Shi ne ya yaɗa sunan ciwon, kuma a 1927 ya kawo ra'ayin cewa wani ɓangare na jinin al'ada kan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki. Har gobe ana aiki da wannan bayani, ko da yake an gano jinin na komawa baya ga mata da yawa da ba su kamu ba.

To ina maganar haihuwa ta shigo? Tun daga ƙarshen shekarun 1930, wani sanannen likita a Boston, Joe Vincent Meigs, ya riƙa cewa ciwon na matan masu hali ne da ke jinkirta aure da haihuwa, don haka maganinsa a yi aure da wuri a haihu. Maganar ta samu karɓuwa saboda akwai ɗan abin kamawa: mai ciki ba ta al'ada, sai ciwon ya lafa. A ƙarshen shekarun 1950 Robert Kistner ya bi wannan dabara, ya riƙa ba mata sinadaran da ke sa jiki ya zama kamar mai ciki. Magungunan tsayar da al'ada da ake ba masu ciwon yau daga nan suka samo tushe.

Sai dai ra'ayin Meigs ya bar ɓarna. Tunda an ɗauka ciwon farar mace ce mai kuɗi, in baƙar mace ta zo da ciwon mara sai a ce ciwon sanyi ne, a ba ta maganin ƙwayoyin cuta ta koma gida. A 1976 Donald Chatman, likita baƙar fata a Chicago, ya wallafa abin da ya gani da na'urar leƙa ciki: baƙaƙen mata ma suna da shi, kuma da yawansu an daɗe ana yi musu maganin abin da ba shi ke damunsu ba. Ku duba ko wannan bai yi kama da halinmu ba: mace ta sha maganin sanyi shekara da shekaru, har zargi ya shiga tsakaninta da maigida.

Mata da kansu suka ɗaga murya. A 1980 Mary Lou Ballweg da abokiyar tafiyarta suka kafa ƙungiyar masu ciwon a Milwaukee. Yau hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa na ɗauke da shi, kusan miliyan 190. A 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta faɗa ƙarara: kada a ba mace shawarar ɗaukar ciki don kawai ta warke, domin ciki ba magani ba ne. Sau da yawa in al'ada ta dawo, ciwon ma ya dawo.

Mu a nan me za mu ɗauka? Da yawa daga masu ciwon suna samun ciki su haihu lafiya. In an yi shekara ɗaya ana tare ba labari, miji da mata duka su je a duba su, kada a ɗora wa mace ita kaɗai. Mai son haihuwa ta faɗa wa likita tun farko, domin magungunan tsayar da al'ada suna rage ciwo amma suna hana ciki muddin ana shan su. Wasu aikin tiyata ke taimaka musu.

Maigida kuma, in iyalinka ta ce tana jin zafi wajen kwanciya, ba ƙin ka take ba. A yi magana, a bi a hankali, a kauce wa ranakun da ciwon ya tsananta. Cusa kayan mata ba ya taɓa naman da ke can ciki.

Yarinyar da al'ada ke hana ta zuwa lakwal, ko matar da ke kasa tashi ta ɗora tukunya, a kai ta ga ungozoma a asibitin unguwa, ta riƙa rubuta ranakun da ciwon ke tashi. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai cibiyoyin uwa da yaro a Maraɗi, Damagaram da Tawa, da matanite Issaka Gazobi a Yamai, inda ake yin eko a ga likitan mata.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu nema zuri'a mai albarka.