Sa'o'in da ɗan tayi yake shiru

A shekarar 1982 John Newport da Marc Kirschner na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka bayyana abin da suka gani a ƙwan kwaɗon nan na kudancin Afirka, Xenopus laevis. Da zarar maniyyi ya shiga, ƙwan yakan rabu biyu, biyu su koma huɗu, kusan kowane rabin sa'a, har sau 12. Duk tsawon wannan lokaci yawancin ƙwayoyin gadon ɗan tayin ba su tashi aiki ba tukuna. Da guzurin da uwa ta ɗura wa ƙwan ake tafiya. Sai tantani sun kai wajen 4,000 sannan rabuwar ta lafa, a soma kwafo saƙo daga DNA na ɗan kansa.

Me yake tashinsa? Su biyun sun sa maniyyi da yawa ya shiga ƙwai guda, DNA ta yi yawa, sai kwafon ya fara tun kafin lokaci. Suka ce lalle akwai abin da uwa ta ajiye yana danne aikin, wanda yake ƙarewa idan DNA ta rinjaye shi. Gwaji ne mai sauƙi, amma a ganina ba a cika samun mai kyansa ba.

Tun 1969 Robert Roeder da William Rutter suka gano cewa sinadaran da suke kwafon iri uku ne. Na biyunsu, Pol II, ba ya gane mafarin saƙo shi kaɗai, sai wasu furotin sun riga shi sauka a wurin. Jagoransu shi ne TBP, mai kama wani ɗan yanki na DNA da ake kira TATA. Shekara da shekaru ana koyar da cewa in babu TBP babu kwafo.

Kwaɗon ne dai ya ƙaryata wannan. A 1995 Geneviève Almouzni da Alan Wolffe suka nuna TBP ya yi ƙaranci a sabon ɗan tayi, ga shi kuma furotin histon sun nannaɗe DNA sun tare hanya. A 2000 Gert Jan Veenstra da Daniel Weeks da Wolffe suka hana ɗan tayin kwaɗo ƙera TBP. Girmansa ya tsaya, amma wasu ƙwayoyin gado suka ci gaba da aiki, kuma aka ga ɗan'uwansa TLF yana da nasa rabon. Wolffe ya rasu a 2001 yana da shekara 41, bai ga na ukunsu ba, wato TBP2, wanda ya fi yawa a cikin ƙwai tun yana jikin uwa. A 2009 masu bincike a Strasbourg ta Faransa suka cire shi daga ɓeraye: mazan suka haihu lafiya, matan kuwa ƙwansu ya kasa nuna, ba su haihu ba.