Gashin kansa kafin dashen huhu: yadda abin yake, da inda ya bar majinyacin Karaye da Rogo

Gashi, a bakin likitoci, shi ne harba haske mai ƙarfi daga na'ura kan ƙarin kansa domin a kashe ƙwayoyinta ba tare da an yanka jiki ba. Dashen huhu kuwa shi ne cire huhun da ya lalace a sa na wanda ya rasu.

A 1963 Dakta James Hardy ya yi dashen huhu na farko ga ɗan Adam a Misisifi ta Amurka. Majinyacin mai kansar huhu ne, ya kuma rayu kwana 18 bayan aikin. Sai a 1983 aka samu nasara mai ɗorewa a Toronto ta Kanada.

An daɗe ana ƙin yi wa masu kansar huhu dashe. Dalili shi ne, wanda aka yi wa dashe dole ya riƙa shan magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki muddin ransa, don kada jikin ya ƙi sabon huhun. Idan ƙwayar kansa ta saura, raunin garkuwar zai ba ta damar bazuwa. Nan gashi ke shigowa: ana ƙona ƙaramin ƙarin da bai yaɗu ba, yayin da majinyaci ke jiran huhu. Sai dai hasken kan kumbura huhun da dama ya yi tabo, don haka ƙalilan ne ke cancanta.

Ga mutumin Karaye ko Rogo, dashen huhu ba aikin da ake samu a asibitocinmu ba ne, ko da yake Asibitin Malam Aminu Kano na dashen ƙoda tun 2002. Gashi kuwa akan nufi Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Asusun tallafin kansa da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ta huhu ba ta ciki.

Babban haɗarin shi ne makara. Tari mai daɗewa, jini a majina da rama duk alamomin tarin fuka ne, kuma alamomin kansar huhu ne. Wanda ya sha maganin tarin fuka bai samu sauƙi ba, ya nemi a tura shi hoton ƙirji na CT. Abin da ya kamata matasa su tambayi wakilinsu na Karaye da Rogo a Majalisar Wakilai shi ne: nawa aka ware wa gwaji da na'urar gashi, kuma ina kuɗin suka shiga?