Fatar Ƙasar Hausa Da Sunan Maroko: Me Doka Za Ta Iya Tsarewa?

'Yan'uwana matasa, kwanan nan na ga ana kai ruwa rana kan wata tambaya: shin ya dace a kafa dokar da za ta hana wata al'umma ɗaukar al'adar wata, kamar sutura ko zane ko sana'a, ta mayar tata? Kafin in faɗi ra'ayina, bari in kawo wani tarihi da ya shafe mu.

Na taso a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, a gidan manoman dawa da auduga. Kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya rabuwa da jajayen awaki, kuma duk wadda aka yanka yakan shanya fatarta a inuwa ya kai kasuwa. Sai da na girma na san doguwar tafiyar da irin wannan fata ta daɗe tana yi. Tun ƙarnonin da suka shuɗe, majeman Kano da Katsina da Sakkwato suke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, fatake su ɗora wa raƙuma su ƙetara Sahara da ita. Daga gaɓar tekun Arewacin Afirka take shiga Turai, inda ake yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Da yake a can Turawa suke saye, sai suka kira ta fatar Maroko. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Katsina da Kano a 1851, ya ga bunƙasar sana'ar fata da rini da idonsa, ya kuma rubuta, amma sunan bai canza ba.

Abin da ya sami fata shi ya sami audugarmu. An kafa ƙungiyar BCGA a Manchester a 1902 domin sama wa masaƙun Ingila auduga, ta kuma gina gidajen gurza a Funtua da Malumfashi. Jirgin ƙasa ya riƙa kwashe farin da iyayenmu suka tsinta, ya dawo mana a matsayin yadi mai tambarin wasu. A duka biyun, gumi namu ne, suna da riba mafi tsoka na wasu.

To amma, mai karatu, mu yi wa kanmu adalci. Mu ma masu aro ne. Haruffan ajami daga Larabawa muka samo su, haka alkyabba da jar dara daga Arewacin Afirka suka zo mana. Hular zanna da muke ado da ita ta Barebari ce. Masarar da ta cika gonakin Funtua a yau asalinta nahiyar Amurka ne. Da an yi dokar hana aro a wancan zamani, da rabin abin da muke kira al'adar Bahaushe bai iso gare mu ba. Allah ya yi mu ƙabilu daban-daban ne domin mu san juna, kuma sanin juna ba ya yiwuwa ba tare da koyi da juna ba.

Saboda haka a ganina aro ba laifi ba ne. Laifin shi ne ɓoye sunan mai abu da tauye masa hakkinsa, kuma wannan ha'inci ne da addininmu ya hana tun kafin dokokin zamani. A nan ne doka take da gurbi. Indiya ta yi wa shayin Darjeeling rajista a 2004, ta yadda ba mai sayar da wani shayi da wannan suna. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta ba zanen kente kariya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta tanadi kariya ga fasahohin gargajiya daga masu cin kasuwa da su ba da izini ba. A Disambar 2024 kuwa hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano da saƙar kente cikin jerin gadon al'adun duniya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana baƙo sa babbar riga. Suna dai tabbatar da cewa an san mai abu.

Sai dai doka ba ta raya sana'ar da masu ita suka yi watsi da ita. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa zama wurin majemi ko baduku ya ga yadda ake aikin? Idan tsofaffin nan suka tafi da iliminsu, ba wani baƙo ne ya ƙwace mana ba, mu ne muka saki. Ku je ku tambaye su, ku rubuta, ku sayi aikinsu da farashin da ya dace.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.