Daga Ayarin Fatake Zuwa Motar Haya: Tarihin Hanyar Kano Zuwa Maraɗi

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar Ƙofar Ruwa a Kano da niyyar zuwa Maraɗi ya san yadda abin yake. Za ka biya kuɗin mota, ka rungume 'yar jakarka, ka zauna jiran mota ta cika, 'yan kamasho na ta rantsuwa saura mutum ɗaya. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, daga Katsina zuwa Maraɗi kuwa kusan 90. Tafiya ce ta rabin yini, amma takan cinye yini guda, domin akwai Jibiya da Ɗan Isa a tsakani, inda ake sauka a nuna takardu. A wannan maƙala muna so mu bi sawun wannan hanya, mu ga yadda matafiyi mai ƙaramin guzuri ya riƙa bin ta tun kafin a yi iyaka har zuwa yau.

Kada mu ruɗi kanmu da cewa a zamanin da hanya a buɗe take, kowa ya wuce yadda ya ga dama. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a wajejen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa mulkinsu a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. Tsakanin garuruwan biyu aka yi ta kai hare-hare shekara da shekaru, dajin da ke tsakani ya zama abin tsoro. Saboda haka mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Sai ya shiga ayari ƙarƙashin madugu, a kwana a zango, a biya kuɗin fito a ƙasar kowane sarki. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851, kuma sai da aka tsare shi kwanaki a Katsina a kan batun gaisuwar sarki kafin ya iso Kano a watan Fabrairu. Ke nan jira da biya a kan hanya sun girmi Turawan mulki.

Abin da Turawa suka kawo shi ne layi. A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar raba ƙasa daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, alhali ba su san ƙasar ba. A 1898 suka sake zama, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, sai suka tarar an bar su da hamada, babu hanya mai rijiyoyi da za ta sada su da garin. Wannan ya sa aka gyara layin a 1904 da 1906, aka tura shi kudu. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar suna kafa alamomi 148. A wasu ƙauyukan bakin iyaka, tangaraho ake kiran waɗannan turaku na ƙarfe. Wato dai buƙatar ruwa ta sojan Faransa na daga cikin abin da ya sa yau kawu yana Nijar, ɗan 'yar'uwarsa yana Nijeriya.

Layi a takarda bai tare ƙafa ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka noma a ƙasashen Maraɗi da Damagaram ta riƙa gangarowa kudu a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. A saman buhunan nan talaka ya fara ɗanɗana tafiyar mota. Ɗan ci-rani da almajiri da mai zuwa biki ko ta'aziyya sukan roƙi direba ko su ba yaron mota ɗan wani abu, su ɗare kan kaya, rana da ƙura duk a kansu. Wasu kuma gudu suke yi daga aikin tilas da haraji mai nauyi na ƙasar Faransi. Dattawa da dama a Kano da Katsina za su gaya maka ta haka kakanninsu suka zo.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka sami tutoci biyu da ofisoshi biyu a bakin iyaka. Wani abin da matasa ba su sani ba shi ne, har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, a Nijar kuwa a hannun dama, don haka direba na tsallakawa sai ya sauya hannu. A 1973 naira ta maye gurbin fam. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas, kuma a shekarar ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Doguwar 504 ta zama jakin wannan hanya, kafin bas-bas ƙirar Hayis su cika tashoshi. Sannan a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90.

A waɗannan shekaru har da baƙi na nesa a cikin fasinja. Samarin Turawa masu goya jaka a baya sukan ratso Sahara ta Tamanrasset da Agadas, su biyo ta Damagaram su sauka Kano, suna cusa kansu a motar haya kamar kowa don tsimin kuɗi. Tawayen Abzinawa da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 suka kashe wannan kasuwa. Su yawon buɗe ido ya kawo su, da hanya ta ɓaci suka sauya wata. Mai zuwa gaida mahaifiyarsa a Tibiri kuwa ba shi da wata hanyar da zai sauya.

A nan ne ake gane nauyin iyaka, wato ranar da aka rufe ta. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, hatsi ya daina hawa arewa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, aka fara buɗewa a Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, aka kuma garƙame ta har watan Maris na 2024. A duk waɗannan lokuta tafiya ba ta tsaya ba, tsada kawai ta yi. Mota ta sauke mutane nesa da shinge, ɗan acaɓa ya ɗauke su ta cikin gonaki, kuɗin tafiya ya ninka. Tsohuwa da mai goyo su suka fi shan wuya. A watan Janairu na 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, wato ta bar inuwar yarjejeniyar 1979, sai dai ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun mutanenta zuwa wani lokaci. Akwai kuma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Mu da muke koyarwa mun ga wannan tarihi a cikin aji. Ba sau ɗaya ba ɗalibi ya makara dawowa daga hutu, aka tambaye shi, ya ce ya je wurin kakarsa ne hanya ta rufe. Mun kuma bi hanyar da kanmu, mun canza naira da sefa a wurin 'yan canji, mun sha ruɗewa da lissafin dala da jika, har sai da wata dattijuwa a mota ta koya mana cewa dala ashirin ita ce sefa ɗari. A kowane shinge fasinja sukan yi shiru, kowa hannunsa a aljihu, da an wuce kuma hira ta ɓarke. A nan za ka ji wani ya ce kwastan, wani ya ce duwan, wani ya ce makaranta, wani ya ce lakwal, kuma kowa ya fahimci ɗan'uwansa.

To, 'yan'uwa marubuta, ina wannan duka a rubuce-rubucenmu? Adabinmu ba baƙon labarin tafiya ba ne. Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan duk nesa suka je. Tafiyar kusa, wadda iyayenmu suka yi a kan buhun gyaɗa, ita ce muke bari tana bin masu ita kabari. Yarjejeniyoyin Turawa suna nan ajiye a London da Paris, ba za su ɓata ba. Amma tsohon direban 504 da ya san kowane rami tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, idan ya rasu babu wanda ya zauna da shi, shi ke nan.

Shawararmu ga mai sha'awar rubutu ita ce, idan hanya ta yi lafiya, ya tanadi katin shaidarsa da takardar allurar shawara da ɗan littafin rubutu, ya je tasha. Kada ya nemi gidan gaba. Ya zauna a baya kusa da tsofaffi, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su yaushe suka fara bin wannan hanya, kuma nawa suka biya a lokacin.